Baba yana ganin hanya amma ba ya gane fuska, wane gwajin ido ya rage?

Ɗan Autan Malam
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a kan mahaifinmu. Shekarunsa 74, tsohon malamin firamare ne, kuma tun tasowarmu ba mu taɓa ganin ya wuni bai buɗe Alƙur'ani ba. Kusan shekara guda ke nan karatu yana yi masa wuya, har an canza masa tabarau sau biyu. To wajen sati shida da suka wuce sai ya fara cewa layukan rubutu suna lanƙwashewa, kamar an rubuta su a kan ruwa. Ya ce hatta ƙyauren ɗakinsa ya yi ciki.

Abin da ya ɗaure mana kai, shi kaɗai yake zuwa masallaci, ba ya tuntuɓe, ko kaza ce ta gitta ta gefensa zai gan ta. Amma shekaranjiya ƙanwarsa ta zo daga ƙauye ta zauna a gabansa, bai san ita ce ba sai da ta yi magana. Gwaggo ta koma da ɓacin rai, tana ganin share ta ya yi. Shi kuma tun ranar ya yi shiru, ko abinci ba ya ci sosai. A shagon da muke yin tabarau sun sa ya karanta haruffan allo, suka ce tsufa ne, a yi haƙuri. Don Allah wanda ya san wani gwajin da ya wuce na allo ya taimaka mana.

Baban Walid
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanena, wannan yana ce, kada ka wahalar da kanka. Haka Hajiyarmu ta yi, ta daina gane mutane, aka cire mata yanar a aikin ido na kyauta, washegari ta sa zare a allura. Ku jira lokacin da masu aikin kyauta za su zo, ku kai shi.

Maman Ilham
Allah sarki Baba. Allah ya sa kaffara ne. Ku fara zuwa ku ba Gwaggo haƙuri ku yi mata bayani, kada zumunci ya taɓu a kan abin da ba laifinsa ba.

Mai Awon Ido
Salamu alaikum. Aikina ke nan, awon ido, shekara da shekaru. Ba zan iya faɗin ciwon mutum ban duba shi ba, amma Malam Ɗan Auta, abin da ka zayyana bai kamata a jira da shi ba, ko na sati biyu.

Baban Walid, ka yi haƙuri, zan saɓa maka. Yana tana rufe madubin da ke cikin ido ne, sai mutum ya riƙa ganin komai cikin hazo, tsakiya da gefe duka, hasken fitilar mota ya riƙa kashe masa ido da dare. Ba ta lanƙwasa layi. Hawan jinin ido kuma daga gefe yake fara ci, mutum yana karatu lafiya amma yana karo da kujera. Wanda yake ganin gefe sarai, tsakiya ta dushe, miƙaƙƙen layi ya karkace, to hankalinmu yana tafiya ne can bayan ido.

A bayan ido akwai wata siririyar fata da ake kira ratina, ita ce take karɓar haske ta aika wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarta akwai wani ɗan wuri, makula, faɗinsa bai wuce milimita 5 da rabi ba, bai kai ƙwayar wake ba. Da wannan ɗan wurin ake karatu, ake gane fuska, ake ƙirga canji, ake sa zare a allura. Sauran ratina ita ce ta ganin gefe da tafiya. Idan shekaru suka ja, musamman daga 50 zuwa sama, makula takan fara lalacewa a wasu mutane. Shi ya sa za ka ga dattijo yana tafiya kasuwa da ƙafarsa amma bai gane ɗan cikinsa ba.

Tabarau yana daidaita hasken da ke shiga ido ne kawai. In wurin da hasken zai sauka ya lalace, ko sau goma aka canza gilashi ba abin da zai ƙaru.

Baban Walid
To Likita, na ji. Amma ai masu shagon sun gwada shi. In da akwai wani abu a bayan idon ai da sun gani.

Mai Awon Ido
Abin da ya faɗa shi ne sun sa Baba ya karanta allo. Wannan allon mai manyan haruffa a sama da ƙanana a ƙasa, wani likitan ƙasar Holan mai suna Sinelan ya ƙirƙiro shi a 1862, kuma har gobe da shi muke farawa. Ana tsayar da mutum a nisan mita 6, in ya karanta layin da mai lafiyar ido yake karantawa sai a rubuta 6/6. Wanda bai yi boko ba akwai mai harafin E da ake jujjuyawa, ya nuna da yatsa inda ƙafafun suka kalla. Allon yana gaya mana gani ya ragu, da yawan raguwar. Dalilin raguwar kuwa sai an leƙa ciki.

Malam Ɗan Auta, tambaya ɗaya: sun ɗiga masa magani a ido, suka ce ya zauna ya jira kamar rabin awa, bayan nan ya fito hasken rana yana damunsa?

Ɗan Autan Malam
A'a wallahi Likita. Ni na raka shi duka zuwa biyun. Ko minti goma sha biyar ba mu yi ba. Gilasai kawai aka yi ta sa masa ana cirewa, ana tambayarsa wanne ya fi.

Mai Awon Ido
To ba a duba bayan idon Baba ba tukuna. 'Yar ƙofar nan da ke tsakiyar baƙin ido ƙarama ce, a tsofaffi ma ta fi ƙanƙanta, kuma da ka haska ta sai ta ƙara tsukewa. Kamar mai leƙen ɗaki ne ta kafar makulli. Maganin ɗigawar shi yake buɗe ta, cikin minti 20 zuwa 30, sannan likita ya zaunar da mutum a gaban na'urar da ake ɗora haɓa a kai, ya riƙe wani ɗan madubi a gaban idon, ya ga makula ƙuru-ƙuru.

Abin da ake nema a wurin: wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa a ƙarƙashin ratina, ana ce musu durusan, tarin dattin da ƙwayoyin wurin suka kasa kwashewa ne. Ƙanana 'yan kaɗan, yawancin tsofaffi suna da su, ba abin tashin hankali ba ne. In suka yi girma suka yi yawa, ciwon ya kai matsakaicin mataki. Ana kuma duba ko launin wurin ya canza, ko wani fili ya zaizaye, ko akwai jini ko kumburi.

Ciwon iri biyu ne. Akwai busasshe, shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, cikin mutum goma masu ciwon wajen tara shi ne da su, kuma a hankali yake ci, shekara da shekaru. Akwai jiƙaƙƙe, inda wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari suke tsirowa a ƙarƙashin makula suna yoyon ruwa da jini. Ruwan yana ɗaga ratina kamar yadda damshi yake kumbura fentin bango, shi ya sa layi yake lanƙwashewa. Wannan cikin makonni yake ɓarna, kuma shi ne mai magani in an kama shi da wuri. Lanƙwasar da ta fara wa Baba sati shida da suka wuce ita ce ta tayar mini da hankali.

Bazazzagi
Ni fa ina da ja a nan. Na taɓa karantawa cewa wannan ciwon na Turawa ne. Mu nan abin da ke makantar da mu yana ce da hawan jinin ido da amosanin ido. Kada a je a sa bawan Allah ya kashe kuɗin gwaje-gwaje a kan ciwon da ba namu ba, alhali ga halin da ake ciki.

Mai Awon Ido
Malam Bazazzagi, rabin maganarka gaskiya ce. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda aka duba mutane sama da dubu 13 'yan shekara 40 zuwa sama, ya nuna yana ce ke da kashi 43 cikin 100 na makanta, hawan jinin ido yana biye da kusan kashi 17. Kuma haka ne, matakin ƙarshe na lalacewar makula ya fi yawa a fararen fata. Amma ƙarancin abu ai ba rashinsa ba ne. Da idona nake ganin dattawanmu da shi. Akwai ma wani nau'i na jiƙaƙƙen, wanda jijiyoyin suke yin ƙulli-ƙulli kamar 'ya'yan inabi, da ya fi kama baƙar fata da mutanen Asiya a kan Turawa.

Sannan ko ba shi ba ne, akwai abubuwan da ke kama wannan wurin da suke gidanmu sosai. Ciwon suga yana kumbura makula. Wanda ya daɗe yana shan kulorakwin ba bisa ƙa'ida ba, shekara da shekaru, kamar yadda iyayenmu da yawa suka yi duk lokacin da jiki ya yi zafi, shi ma yana iya lalata ta. Jijiyar jini ta bayan ido tana iya toshewa saboda hawan jini. Rami ma yana iya buɗewa a tsakiyar makula. Duk waɗannan ƙorafinsu kusan ɗaya ne a bakin mara lafiya, maganinsu kuwa daban-daban. Ba mai raba su sai wanda ya buɗe ido ya duba.

Bazazzagi
Maganar kulorakwin ɗin nan ta taɓa ni, don mahaifiyata ba ta rabuwa da shi a da. Amma har yanzu ina nan a kan cewa a fara da gwajin da ya fi araha.

Mai Awon Ido
A nan ba mu da saɓani. Ɗiga magani a duba bayan ido shi ne mai arahar, kuma shi ne aka tsallake.

Anti Ta Landan
Sannunku. Ɗan Auta, Allah ya ba Baba sauƙi. Ina aikin kula da tsofaffi a nan Ingila, kuma ciwon nan shi ne kan gaba wajen raunana ganin tsofaffi a ƙasar nan, don haka kusan kullum ina tare da masu shi. Ƙa'idarsu a nan, in an yi zargin jiƙaƙƙen ne kuma aka tabbatar, ana so a fara magani cikin kwana 14 daga ranar da aka tura mutum asibiti. Ka ga yadda suka ɗauke shi da gaggawa.

Kafin ku samu ganin likita akwai abin da za ku iya yi yau a gida. Akwai wata takarda mai gidan dara da ake ba tsofaffinmu su manna a jikin firij. Wani likitan ido ɗan Siwizalan, Mak Amsla, shi ya fito da ita, tun wajen 1945 ake amfani da ita. Murabba'i ce, santimita 10 kowane gefe, an ja layuka sun ba da ƙananan gidaje 20 a tsaye 20 a kwance, da ɗigo baƙi a tsakiya. In ba ku samu ba, ku yago takarda daga littafin lissafin yara mai gida-gida, ku ɗiga baƙin biro a tsakiya.

Baba ya sa tabaransa na karatu, a wuri mai haske, ya riƙe takardar kamar yadda yake riƙe littafi, wajen santimita 30 daga fuska. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kafa ɗayan a kan ɗigon, kada ya yawata shi. Sai ku tambaye shi: yana ganin ɗigon? Yana ganin kusurwoyi huɗu? Akwai layin da ya lanƙwashe, ko ya yanke, ko wurin da ya yi duhu ko ya ɓace? Ya nuna muku ku zagaye da fensir. Sai a koma ɗayan idon. Rufe ido ɗayan nan shi ne gishirin abin, kada a bari ya duba da biyu.

Kawu Direba
Ni ma yanzu na gwada da layin tayil ɗin falo, na rufe ido ɗaya na buɗe ɗaya. Alhamdu lillahi a miƙe suke. Shekarata 58, ashe shi ke nan na huta zuwa asibiti.

Anti Ta Landan
A'a Kawu, kada ka ɗauke shi haka. Takardar tana tona canjin da ya riga ya taɓa gani ne. Mutum yana iya samun durusan cike da bayan idonsa ya ga layuka a miƙe, ga shi hawan jinin ido ma ba ya nunawa a wannan takardar ko kaɗan. Kai da kake tuƙa mutane a kan babbar hanya, ka je a duba ka sosai.

Ɗan Autan Malam
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti, mun yi yanzu bayan la'asar. Da ya rufe na hagu ya duba da na dama, ya ce yana ganin ɗigon dishi-dishi, layukan da ke kewaye da shi sun yi kamar igiyar da aka saki. Da ya rufe na dama kuwa, sai ya yi shiru. Ya ce babu ɗigon gaba ɗaya, tsakiyar takardar wani toka-toka ne, sai bakin takardar yake gani. Ya sake gwadawa sau uku. Ya ce shi bai taɓa sanin idonsa na hagu haka yake ba. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Mai Awon Ido
Ka kwantar da hankalinka, ƙanena. Wannan kullum muna ganinsa. Ido biyu suna rufa wa juna asiri, ɗaya yana iya lalacewa shekaru mutum bai sani ba, sai ran da na biyun ya taɓu. Yanzu aikin shi ne a ceci na daman. Gobe da sassafe ku tafi asibitin da ke da likitan ido na sosai. In kuna kusa da Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin ido na ECWA, da na Makka. Asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen ido. Ku tambaya tun a wurin yankar kati ko akwai likitan ratina da na'urar OCT mai ɗaukar hoton bayan ido, in babu su gaya muku inda za ku samu.

Ka faɗa musu kalma uku da bakinka: layi yana lanƙwashewa, sati shida ke nan, ɗayan idon ba ya ganin tsakiya. Ku tafi da duk magungunan da yake sha da tsofaffin tabaransa da takardar da kuka zana. Ku riƙe baƙin gilashi ko hula mai baki, don bayan ɗigon ido zai yi awa 4 zuwa 6 yana ganin dishi-dishi, rana tana damunsa. Za su auna ƙarfin ruwan idon ma, wannan na hawan jinin ido ne, yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 da 21.

Hajiya Mai Atamfa
Ɗana, kafin ku je a yi ta haska masa wuta a ido, ku gwada zuma farar saƙa da kwalli mai kyau. Iyayenmu da su suka tsufa da idonsu.

Maman Ilham
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma bayanin Likita ya nuna ciwon can ciki yake a bayan ido, inda abin da aka sa a waje ba ya kaiwa. Zumar a ba shi ya sha. Ni abin da nake tsoro shi ne masu yawo gari-gari suna tura yana da tsinke. In suka ji dattijo ba ya gani ba sa tambayar dalili. Ɗan Auta, ko wa ya kawo muku su kada ku yarda.

Hajiya Mai Atamfa
To, Allah ya sa a dace. Ni dai hasken nan nake ji wa tsoro.

Mai Awon Ido
Hajiya, hasken yana da ƙarfi, yana sa hawaye, amma ba ya cutar da ido. Hoton OCT ma ko taɓa idon ba a yi. Mutum zai ɗora haɓa ya kalli wani ɗan haske, cikin 'yan mintuna an gama. A 1991 aka fara bayyana fasahar a Amurka. Tana nuna ratina a yanke, hawa-hawa, kamar ka yanka albasa ka ga zubinta. Durusan suna fitowa kamar ƙananan tuddai, ruwan da ya taru yana fitowa baƙi, har kaurin wurin ana aunawa. Da wannan hoton ake raba busasshe da jiƙaƙƙe, da shi kuma ake gane ko magani yana aiki.

Wani lokaci likita yakan ƙara da gwajin rini. Ana sa wani ruwa mai launin ɗorawa a jijiyar hannu, cikin daƙiƙoƙi ya isa ido, a yi ta ɗaukar hoto ana ganin inda yake yoyo. Fata takan yi ɗorawa na wasu awoyi, fitsari ya canza launi kwana ɗaya ko biyu, wasu su ji tashin zuciya na ɗan lokaci. Duk wanda magani ya taɓa yi wa borin jini, ko mai ciwon ƙoda, ya faɗa kafin a yi.

'Yar Maraɗi
Sannunku da ƙoƙari. Ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Kakata ta yi wannan ciwo, sai da munka kai ta Yamai lokotoro ya gane shi. Bayan ganinta ya ragu ta fara cewa tana ganin furanni a bango, wani lokaci ƙananan yara da tufafi masu launi suna wucewa ta tsakar ɗaki ba sa magana. Ta san ba gaskiya ba ne, amma ta ɓoye wata da watanni don kada a ce ta taɓu. Da ta faɗa, gida ya rabu biyu, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa ruɗewar tsufa. Lokotoron ya ce sananne ne ga masu raunin gani, in ido ya rage aika hoto sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ƙago nata. Ya ce wani masani na birnin Janeba, Sharl Bone, ya rubuta shi tun 1760 a kan kakansa. Ranar kakata ta yi kuka don sauƙin da ta ji. Ɗan Auta, ka tambayi Baba a keɓe, cikin ladabi, ko yana ganin irin haka. Dattijo ba zai fara faɗa da kansa ba.

Ɗan Autan Malam
Yaya, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi da daddare. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce wani lokaci yana ganin zanen tabarma a jikin bango, ya yi ta addu'a har ya ɓace. Na karanta masa abin da kika rubuta. Gobe in sha Allahu za mu kama hanya.

Mai Kula da Zaure
Na cire saƙonni biyu na masu tallar maganin ido da lambar waya. Don Allah a kiyaye. Ɗan Auta, muna jiran labari.

Ɗan Autan Malam
Salamu alaikum. Ku gafarce ni, kwana tara ban leƙo ba. Mun je. Ranar farko tun bakwai na safe muke layi, sai bayan azahar muka ga likita. An yi allo, ido ɗaya bayan ɗaya. An auna ƙarfin ruwan ido, lafiya lau. An ɗiga magani sau biyu muka jira. Likitar ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce akwai 'yar yana kaɗan a idanun biyu, amma ba ita ce matsalar ba. Baban Walid, ka ga ba ka faɗi ƙasa gaba ɗaya ba.

Aka tura mu hoton OCT washegari. Ta juyo mana da allon kwamfuta ta nuna mana. Na hagu tabo ne ya riga ya zauna a tsakiya, ta ce ya daɗe, ba abin da allura za ta yi masa. Na dama kuwa na ga abin da idona, layin ya taso kamar tudu, ga baƙin ruwa a ƙarƙashinsa. Jiƙaƙƙen ne. An auna suga, babu. Hawan jininsa ne ya ɗan hau, an haɗa mu da wani likitan. Ta tambaya ko ya taɓa shan taba, ya ce ya sha wajen shekara ashirin yana saurayi zuwa magidanci, ya bari tun kafin a haife ni. Ni ban ma taɓa sani ba.

Shekaranjiya aka yi masa allurar farko a cikin idon. Ni na fi shi tsorata. Ya ce an kashe wurin da maganin ɗigawa, bai ji komai ba sai kamar an danna. Za a yi uku, wata-wata, sannan a sake hoto a ga abin da ya kamata. Ta gaya mana gaskiya cewa babban burin shi ne a tsayar da ɓarnar, in gani ya ƙaru to alhamdu lillahi. Abin da ya fi kwantar wa Baba da hankali shi ne da ta ce ciwon nan shi kaɗai ba ya kai mutum ga duhu gaba ɗaya, ganin gefe yana nan.

Baban Walid
Allahu akbar. Na janye maganar jira, Allah ya yafe mini. Da kun bi tawa da an yi asara. Allah ya ba Baba lafiya.

Bazazzagi
Allah ya ƙara sauƙi. Amma a faɗa wa mutane gaskiya, allurar nan wata-wata ba kowane gida ne zai iya ba. Gano ciwon da ba ka da kuɗin maganinsa wani nauyin ne na daban.

Mai Awon Ido
Nauyi ne, ba zan musa ba, na ga waɗanda suka yi ɗaya suka kasa dawowa. Amma alluran ba kuɗinsu ɗaya ba. Lucentis da aka amince da ita a Amurka a 2006, da Eylea ta 2011, suna da tsada ƙwarai. Avastin asalinta maganin kansa ce, likitocin ido a duniya suna amfani da ɗan kaɗan daga cikinta, ta fi su araha nesa, kuma manyan gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Ingila sun nuna amfaninta ya yi daidai da na Lucentis. Sharaɗin shi ne a yi ta a asibitin da ke raba ta cikin tsabta. Mara lafiya yana da haƙƙin ya tambayi likita wacce za a yi masa da dalili. Kuma ko wanda ba zai iya allura ba, sanin ciwon yana hana shi zubar da kuɗi a tabarau na uku da na huɗu, ko ya miƙa idonsa ga mai tsinke.

Malam Ɗan Auta, bayan kowace allura, in idon ya yi ja sosai da ciwo mai ƙaruwa ko gani ya faɗi, a ranar za ku koma, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Maman Ilham
Likita, ƙwayoyin bitamin na ido da ake sayarwa a kemis fa? In saya wa mahaifiyata? Shekarunta 67, ba ta da wani ƙorafi.

Mai Awon Ido
Ki fara kai ta a duba bayan idon. Haɗin da aka gwada a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2001 aka kuma gyara shi a 2013, yana da bitamin C da E da zinki da tagulla da lutin da ziyazantin. Ya rage haɗarin kaiwa matakin ƙarshe da wajen kashi 25 cikin 100, amma ga masu matsakaicin mataki, ko waɗanda ido ɗaya ya riga ya yi nisa. Bai nuna yana hana ciwon kama mai lafiya ba. Tsohon haɗin ma yana da wani sinadari da aka cire saboda yana ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan taba. Gara ki ƙara mata alayyahu da zogale da ƙwai da kifi a abinci. In akwai mai shan taba a gidan ya bari, don taba tana ninka haɗarin ciwon nan aƙalla sau biyu.

Ɗan Auta, ciwon yana bin jini. Yayyenka da suka haura 50 su je a ɗiga musu magani a duba. Gwaggo ma haka, ita ce ma ta farko.

Ɗan Autan Malam
Na kira Gwaggo na yi mata bayani, ta yi ta salati tana kuka, ta ce ranar Juma'a za ta zo ta kwana biyu. Zan kai ta asibitin da kaina ranar Litinin. Baba ya sa an manna takardar gidan daran a bayan ƙyaurensa, kullum bayan sallar walha yana rufe na hagu ya duba da na dama. Yayana ya samo masa Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, izu-izu, da fitilar tebur mai haske sosai. Jiya ya karanta shafi ɗaya da rabi kafin ya gaji. Allura ta biyu ranar 14 ga watan gobe ce. Anti Ta Landan, madubin nan mai ƙara girman rubutu da tsofaffi suke amfani da shi, mai fitila a jiki ya fi ko wanda ake ɗorawa a kan takarda?